Minti Uku a Takarda

An yi wani ma'aikaci da aikinsa shi ne duba gine-gine, ya tabbatar idan gobara ta tashi kowa zai iya fita, har da gurgu da tsoho da mai dogara sanda. Abokan aikinsa na kiransa Malam Nagani, domin kafin ka gama nuna masa abu ya riga ya ce, "Na gani." Alhali ba abin da ya gani. Ga girman kai, ga ƙyuya kamar gadonta ya yi. Tef ɗin awonsa ya shekara shida a mota, ko ledarsa ba a ɓare ba. Dubansa bai wuce ya buɗe zanen gini, ya ƙirga ƙofofi da bakin biro, ya danna hatimi ba.

Wata rana aka tura shi wani bene mai hawa huɗu. Ya shige lif ya zarce ofishin manaja a hawa na ƙarshe, don can ne ake da sanyi da shayi. A hawan akwai wata mai buga takardu da ke kan keken guragu, kowa Anti yake ce mata. Ta tare shi a bakin ofis.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. Ka tura ni daga teburina zuwa ƙofar gaggawa sau ɗaya tak, ka ga ko keken nan zai wuce."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Baiwar Allah, ni injiniya ne, ba ɗan dako ba. Zane ya nuna faɗin ƙofar ya ishi keke har da rara."

"Ai zanen bai san an girke kabad ɗin fayil a bayan ƙofar ba. Rabi take buɗewa. Kujerar da ake saukar da irinmu a matakala kuma tana kulle a sito, mabuɗin na aljihun mai sito."

"Na gani," in ji shi, ya shige ofis ya zauna, idonsa na kan kofin shayi.

Ƙofar nan taku ashirin ce daga inda yake zaune, amma bai taka ba. Ya rubuta cewa duk wanda ke ginin zai iya fita cikin minti uku, ya rattaba hannu da wata lanƙwasa ta isa. Manaja ya sa takardar a firam, ya rataye ta a gefen ƙofar gaggawar.

Anti ba ta tsaya jayayya ba, ta san magana da irin wannan ɓata yawu ne. Sai ta roƙi masinja da mai shara. Duk ranar Laraba lokacin hutun rana sukan bar kekenta a bakin ƙofa, su sarƙe hannuwa su yi mata mazauni, su sauko da ita har ƙasa. Da farko minti goma sha ɗaya suke yi suna haki. A hankali suka gane kwanar da ta matse, suka san wanda zai fara juyawa, har suka dawo minti shida.

Shekara ta zagayo, lokacin sabunta takarda ya yi. A tsakanin nan Malam Nagani ya zame a banɗakin gidansa, cinya ta karye, aka ɗaure ƙafar samɓal, shi ma ya koma kan keke. Aka ce wani ya je a madadinsa, ya ƙi, wai ginin a tafin hannunsa yake. Direbansa ya kai shi ofishin manaja ya koma mota.

Ana cikin zuba shayi, wajen sha ɗaya na safe, wayar wuta ta kama a hawa na biyu. Ƙararrawa ta ɗauka, lif ya tsaya cak. Manaja ya ce bari ya nemo mai sito, ya fita, ba a ƙara ganin ƙeyarsa ba. Malam Nagani ya gungura kekensa da kansa zuwa ƙofar gaggawa, ya tura. Ƙofa ta buɗe rabi ta daki kabad. Ya ja baya ya sake, tayar keke ta cije a jikin ƙarfe, miƙaƙƙiyar ƙafar ta tokare bango. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Sai ga masinja da mai shara da gudu. Suka janye shi gefe, suka sarƙe hannuwa, suka ɗauki Anti.

Malam Nagani ya daka tsawa, "Kai! Ni za ku fara ɗauka! Kun san ko ni wane ne?"

Mai shara ya nuna firam da haɓa. "Mun sani, ranka ya daɗe. Ai kai ka ce minti uku."

"Don Allah ku dawo ku ɗauke shi," in ji Anti, suna shigewa.

Ya zauna shi kaɗai, hayaƙi na biyo matakala, ba abin kallo sai sa hannunsa. Ya karanta takardar nan har sau uku, ba ta buɗe masa ƙofa ba. Mutanen nan biyu sun dire Anti lafiya, sun juyo, amma hayaƙi ya mayar da su daga hawa na biyu. Sai bayan minti ashirin da biyar 'yan kwana-kwana suka fasa taga suka sauko da shi ta tsani, a sume, kamar buhun siminti.

Ya rayu, amma hayaƙi ya ci huhunsa, ko magana ya ja sai tari ya sarƙe shi. Kwamitin bincike ya zauna, aka ajiye firam ɗin a kan tebur, an goge baƙin hayaƙin don sa hannun ya fito sosai. Shugaban ya tambaye shi, "Kabad ɗin da ke bayan ƙofar, ka gan shi ranar da ka sa hannu?"

Ya daɗe yana tari. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban gani ba." A ranar aka karɓe hatimin, aka sallame shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar rayukan mutane, kada ya sa hannu a kan abin da bai taka da ƙafarsa ya gani ba. Hanyar tsira ba a takarda ake auna ta ba, da mafi rauni a cikin gini ake gwada ta, kuma idan shi ya ce ba ya iya wucewa ta nan, a saurare shi. Girman kai rawanin tsiya ne. Mai ƙafa biyu yau bai san a kan me zai zauna gobe ba.