Makullin But da Shaidar Ustad Liaqat

Akwai wani mai gyaran wayarin mota a nan Peshawar ta ƙasar Pakistan, ana ce masa Ustad Liaqat, wato Liaqat gwanin sana'a. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, kuma gaskiya ya iya. Motar da ta gagari wasu, wajensa ake kawo ta. Aibinsa ɗaya ne, ba ya sauraron direbobi. Yakan ce aikin direba riƙe sitiyari, ba bayanin wuta ba.

Wata safiya wani dattijo mai suna Gul Zaman ya kawo masa mota. Direban Haji Mushtaq ne, wani mai sayar da mayafan ulu a kasuwa, kuma shekara goma sha bakwai yana tuƙa shi. Ya ce but ɗin motar, wato ma'ajiyar kaya ta baya, yana buɗewa da kansa a kan hanya. Ba kullum ba, sai jefi-jefi, kuma ya lura yawanci idan ya taka birki a wuri mai gargada ne.

Liaqat ya ajiye kofin koren shayinsa, ya duba fiyus, ya danna maɓallin buɗewa sau uku, ya rufe murfin. Komai ya yi daidai.

"Yaya, me ya haɗa birki da makullin but?" in ji shi yana dariya. "Ko dai hannu ne ya fara tsufa, ba ka iya rufe shi da kyau?"

Makanikan da ke kusa suka yi dariya. Gul Zaman ya so ya ƙara bayani, amma Liaqat ya riga ya juya kan wata motar.

Bayan kwana tara, Haji Mushtaq ya aiki Gul Zaman garin Mardan da ƙunshin mayafai masu aikin hannu. Da ya isa, sai ya tarar da but a buɗe, babu komai a ciki. Ya bi hanyar sau biyu yana tambaya, ba wanda ya ce ya ga kaya.

Haji bai so ya zargi mutumin da ya daɗe tare da shi ba. Shi ya sa ya zo wajen Liaqat da kansa, ya tambaye shi ko makulli zai iya buɗewa ba tare da an taɓa shi ba.

"Ranka ya daɗe Haji, ni na duba motar nan da hannuna," in ji Liaqat. "Makullin nan ba ya buɗewa sai an buɗe shi."

Wannan magana ce ta raba Gul Zaman da aikinsa. Ba a kai shi wajen 'yan sanda ba, amma labari ya zaga kasuwa. Daga nan babu wanda ya yarda ya miƙa masa makullin mota.

Wata huɗu suka wuce. Sai ga Haji ya dawo da motar, shi ke tuƙa kansa, ransa a ɓace. But ya buɗe masa a tsakiyar titi, buhun shinkafarsa ya faɗo.

Wannan karon Liaqat ya zauna wa aikin. Ya duba fiyus, lafiya. Ya auna maɓalli da testa, lafiya. Ya kwance makullin ya ba shi wuta kai tsaye, shi ma lafiya. Sai ya tuna maganar dattijon. Ya roƙi Haji ya shiga ya taka birki, shi kuma ya kama damin wayoyin da ke bi ta gefen murfin but ya girgiza.

Makullin ya yi ƙas, murfi ya ɗago.

Ya yanke robar da ta rufe wayoyin. Buɗewa da rufewa na shekaru sun cinye bawon waya biyu, ta fitilar birki da ta makulli. Idan mota ta girgiza suka haɗu, aka kuma taka birki, wuta sai ta tsallaka ta buɗe but. Tagullar wayar har ta yi baƙi da tsatsa. Duk mai sana'a ya gani ya san ba lalacewar jiya ba ce.

Haji ya leƙo ya tambaya a hankali, "Tun yaushe take haka?"

"Sabon abu ne," in ji Liaqat. "Bai wuce mako ba."

Haji ya sauke ajiyar zuciya, ya ja motarsa ya tafi.

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Liaqat daɗi. Matarsa Shabnam ta matsa masa da tambaya har ya gaya mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To ka gyara wayar. Mutumin fa?"

Duk da haka ya ƙara kwana biyar yana jan ƙafa. A rana ta shida ya shiga kasuwar 'ya'yan itace, sai ya hango Gul Zaman yana tura baro cike da akwatunan rumman, gumi ya jiƙe masa riga. Liaqat ya so ya kauce, amma dattijon ya gan shi, ya ɗaga hannu ya gaishe shi da fara'a, har yana tambayar iyali.

Daga nan Liaqat bai koma gareji ba. Ya wuce shagon Haji, ya faɗi gaskiya a gaban masu ciniki, tun daga ranar farko har ƙaryar da ya yi. Haji ya tashi ya rufe shago. Tare suka koma kasuwar 'ya'yan itace.

Gul Zaman ya saurare su yana riƙe da hannun baro. Da suka gama sai ya ce, "Ni na san ban ɗauka ba, Allah ma ya sani. Amma maiɗakina ta rasu wata biyu da suka wuce. Har ranar ƙarshe tana tambayata ko an gano gaskiya."

Liaqat ya durƙusa a wajen, cikin ɓawon lemo da laka, ya kasa ɗaga kai.

Abu ɗaya dattijon ya nema: a faɗi maganar a masallacin unguwarsu, inda 'ya'yansa ke salla. Ranar Juma'a Liaqat ya miƙe bayan an idar, ya wanke shi a gaban jama'a.

Gul Zaman ya yafe, ya kuma koma bakin aikinsa wajen Haji. Amma Liaqat da bakinsa ya gaya mini, duk lokacin da ya wuce ta gefen maƙabartar unguwar nan, inda aka binne matar dattijon, sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi.

Darasi: Kada gwanintarka ta hana ka sauraron wanda kake ganin bai kai ka sani ba, kuma kada ka ba da shaida a kan abin da ba ka bincika ba. In ka gane ka yi kuskure, gaggauta faɗa, domin ba kowa ne zai rayu ya ji an wanke nasa ba. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya saurara.