Rigar da Waziri Cindo Ya Kai Fada

Ku gyara zama, ko da yake na san halinku, in na gama ba mai ce mini sannu.

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wata ƙasa da ta yi suna wajen rini. Wata rana Sarkinta ya ratsa kasuwa, ya tarar da rabin rumfuna a rufe, awaki na tuƙa a inda dā ake baza tufafi. Da ya koma fada sai ya kira Wazirinsa Cindo, mutum mai wayo da son ado, wanda ba ya wuce randa bai leƙa ya gyara rawani ba.

Sarki ya ce, “Waziri, ayarin Madugu Jatau zai tashi nan da kwana bakwai. Na ji kowane gida ya ƙulle kuɗin sautu, a sayo masa baƙar riga daga ƙetaren kogi. In kuɗin nan suka sake barin garin nan, rawaninka zai bi su.”

Waziri ya faɗi ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ni kuma? Ni da na rame saboda talakawanka!”

Amma ya san shi ya fara. Shekara tara da suka wuce, Barmo Sarkin Marina ya zo zaurensa ya durƙusa, ya ce rijiyoyin rini sun soma tsagewa, yana neman masu hali su zuba jari a gyara su, a sayi baba, a riƙa raba riba. Waziri ya yi dariya, ya ce shunin gida na ’yan ƙauye ne, ya ba Madugu kuɗinsa ya sayo masa riga daga ƙetare. Fadawa suka ga rigarsa suka bi sahu, attajirai suka bi fadawa, har mai gyaran takalmi sai da ya ba da sautu.

Waziri ya nufi marina, ya iske Barmo shi kaɗai, ya tsufa, yana motsa rijiya guda.

“Sarkin Marina, sannu da aiki.”

“Ranka ya daɗe, ɓatan hanya ka yi?”

Waziri ya haɗiye wannan, ya nemi riga ɗaya. Barmo ya ɗauko wadda ya rina tun bara ba mai taya. Waziri ya turara ta, ya naɗe cikin takarda irin ta fatake, ya kai wa Madugu, ya raɗa masa abin da zai ce, da kuma abin da zai same shi in bai ce ba.

Ran Juma’a fada ta cika, Madugu ya warware takarda ya ce ita kaɗai ta rage daga ƙetare. Galadima ya shafa ta ya ce, “Kai! Dubi ƙyalli! Marinanmu ko za su shekara ɗari ba su iya wannan.” Ma’aji ya taya, Galadima ya ƙara, attajirai suka shiga, har aka kai kuɗin doki.

Sai Waziri ya sa aka shigo da Barmo, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ga ƙetaren kogin nan tsaye a gabanka. Daga gidan Galadima zuwa inda aka rina rigar nan, ko goro ba a gama taunawa.”

Galadima ya sunkuyar da kai. Waziri ya ci gaba: “Kuɗin da aka ƙulle na sautu, kowane gida ya zuba nasa a rijiya guda, a kira ta da sunansa, ya ci sulusin ribarta. Madugu kuwa ya fita da rigunanmu, ya dawo mana da wuri. Ni zan fara, tun da ni na fara ɓatawa.”

Sarki ya yi umarni, aka yi haka.

Sai dai da aka zuba ruwa don a gwada rijiyoyin, cikin arba’in, goma sha ɗaya kaɗai suka riƙe, sauran suka shanye. Sha ɗayan ma ba isassun hannuwa. Nan Madugu ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa: rigunan da yake kawowa, ’ya’yan Barmo uku ne ke rina su, waɗanda yunwa ta kora ƙetare. Waziri ya aika musu da dawaki da alkawarin gidaje.

Kafin ayari ya dawo, marina ta motsa, masaƙa da maɗinka sun samu aiki, an buɗe rumfuna, rawanin Waziri ya zauna daram. Da Madugu ya iso, Waziri da kansa ya kai wa Barmo amsar ’ya’yansa. Ya ce sun gode, suna gaishe shi, amma sun gina gidaje, kuma sarkin can ya naɗa babbansu Sarkin Marina.

Barmo bai daina motsa rijiya ba. Ya ce, “Sun haihu?”

“Madugu ya ce jikokinka bakwai.”

“To,” in ji Barmo, “su ma can za su koyi rini.”

Waziri, wanda tunda aka naɗa shi ba a taɓa ƙure shi da magana ba, ya zuba wa rijiyar ido. Ya tsaya har rana ta karkata, sannan ya ja jiki ya tafi gida. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.