Rizista Uku da Bakwainin Mamuda

To jama'a, ku gyara zama, yau akwai gardama.

Ana tsakiyar damina matar wani manomi, Mamuda, ta haifi bakwaini, aka sa shi a kwalbar ɗumama jarirai a asibitin ƙauyensu. Kwana biyu, da hantsi, kwalbar ta ɗauke ɗif. Ga ruwa ya cinye gada, babu hanyar birni. Ungozoma ta manna jaririn a ƙirjin uwar, ta ce wa Mamuda, "Wannan ba zai riƙe shi ba. In aka kai la'asar a haka, sai dai haƙuri." Mamuda ya fita ko takalmi babu, ya tattaro abokansa uku.

Barau mai gyaran rediyo ya kwance bayan kwalbar, ya bi allon wutar da hanci har ya kai ga abin da ya ƙone, wata 'yar rizista kamar ƙwayar shinkafa, wadda ke rage ƙarfin wuta. Ya karanta zanen jikinta ya ce a ma'aunin rizista da ake kira om, 'yar ɗari da hamsin ce. Ya zazzage jakarsa kaf, babu irinta.

Tanko kuwa, mutumin da gari ke yi wa dariya saboda tara matattun rediyo a ɗaki, ya je ya farke su ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo da rizista uku masu rai, amma kash, duk 'yan ɗari ɗari ne. Barau ya ce a sa ɗaya kawai a gwada sa'a.

Malam Ilu, malamin kimiyya da bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, ya ce a'a, wuta za ta yi yawa ta ƙona allon gaba ɗaya. Ya tsuguna ya zana a ƙasa. "Biyu a jere, ɗari biyu ke nan. Biyu gefe da gefe, wuta ta samu hanya biyu, sun koma hamsin. Ku haɗa biyu gefe da gefe, ku jona ta ukun a bayansu. Hamsin da ɗari nawa?" Barau ya liƙa da dalma, kwalba ta kama kafin azahar. Mamuda ya zauna daɓas yana kuka, wallahi ba kunya.

Yaro dai ya rayu. Gobe suna, Mamuda ya rantse sunan wanda ya ceci ɗansa zai raɗa masa, liman kuma suna ɗaya yake jira. To, ku faɗa mini: Barau, Tanko, ko Ilu?