Luguden Tudun Gwaza

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

Dagaci Barau na Tudun Gwaza ya ga tashin hankali. Masu neman mai sun zo da wata ƙatuwar mota mai dukan ƙasa, suka jera na'urorin sauraro kamar shukar rogo, don amon da ya dawo ya zana musu hoton abin da ke ƙasa. Man yankin kuwa cikin wani dutse marowaci yake, ba ya sakin ko ɗigo sai inda ya tsage. Hoto ya fito, wai tsagar tana ƙarƙashin gari daidai. Aka ce gari zai tashi, har da kushewar iyaye. Dagaci ko tuwo ya daina wuce masa.

Hambali, mai kula da na'urorin, shi ya fara tsayawa. Ya ce amon da aka ɗauka yana da tsari kamar kiɗa, dutse kuwa ba ya kiɗa. Aka yi masa barazanar kora, ya kafe sai an sake awo. Aka yarda, amma sau ɗaya tak.

Inna Lantana, shugabar matan gari, Dagaci ya kai ta ta saurari amon. Ta kwashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, ai luguden bikin gidan Sarkin Fawa ne! Ga hannuna nan a ciki."

Sanin abu daban, hana mata daka ana tsakiyar bukukuwa daban. Ta bi gida-gida, da lallashi da zagi, har kowace taɓarya ta kwanta yini guda, aka sake awo ba amon daka.

Injiniya Uwani ita ta karanta sabon hoton. Abokan aikinta suka ce babu tsaga ko'ina, a haƙa inda aka fara cewa kawai. Ita ta ƙi, ta yi ta bin layukan har ta gano tsagar can ƙarƙashin wani fako da ko akuya ba ta kiwo.

Wayyo daɗi! Dagaci ya yi sujada a tsakar fada, ya tashi yana share hawaye, ya ce a kawo masa tuwo malmala uku.

Sai dai murna ta zo da nata ciwon kai. Ya riga ya rantse a gaban jama'a cewa wanda ya ceci garin shi ne Garkuwan Tudun Gwaza, sarautar kuma ɗaya ce.

To, ku da bakinku ba ya gajiya, wa zai naɗa a cikin ukun nan?