Ledar da ke kan agogon Modibbo

Akwai wani mai gyaran agogo a kasuwar Dutse, sunansa Ɗayyabu. Lokacin ba a daɗe da yin jihar Jigawa ba, agogo mai lamba ya fara korar mai hannu. Wata shida kacal ya yi a Kano yana koyon aikin, ya dawo yana ganin ba na biyunsa. Tsohon da ke gyara a teburin kusa da shi, Malam Maharazu, ko gaisuwar kirki ba ya samu.

Wata rana Modibbo, wani dattijon makiyayi daga Taura, ya kawo agogo mai lamba. Rana ta ci fuskar agogon har ta yi rawaya.

"Marigayi ɗana ya kawo min daga Makka. Ba ni da wani abu nasa sai shi. A hankali, don Allah."

Ya wuce sayen kanwa.

Ɗayyabu ya buɗe, ya ga wata siririyar leda manne a kan gilashin. Ya ɗauko reza.

"Kada ka ɓare wannan," in ji Malam Maharazu.

"Baba, ledar kamfani ce, irin ta sabon rediyo. Wannan ba na zamaninku ba ne."

Ya ɓare, ta yage. Lambobi suka ɓace, fuska ta zama fayau. Ya canza batir har uku. Agogo na ƙara, amma ba ya nuna komai.

Da zufa ta ishe shi, ya je ya tsuguna gaban tsohon a idon mutane.

"Baba, ka rufa min asiri."

Malam Maharazu ya jawo wata matacciyar kalkuleta, ya yanko ledar fuskarta, ya ɗora. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Ya juya ta kaɗan, sai ga lambobi raɗau.

"Ruwan da ke cikin gilashin nan ba ya nuna komai shi kaɗai. Ledar ce ke tace haske kafin ido ya gani. Ko ita, sai ta zauna daidai."

Ashe Modibbo na tsaye bayansu. Ya karɓi agogonsa, ya ɗaura, ya dubi Ɗayyabu.

"Hannunka na da sauri, ɗana. Wanzanci zai fi karɓarka."

Darasi: Abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka ce ba shi da amfani, leda ce ko tsoho. Tambaya ba ta rage kowa. Ku tura wa masu saurin hannu, kun san su.