Firjin da Malam Iro Ya Ƙi Sayarwa

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Malam Iro. Sana'arsa sayar da kayan wuta, su firji da fanka da dutsen guga. Ku saurara da kyau, jama'a, har da na sahun baya da na ga sun fara gyangyaɗi.

Sai aka shiga wata shekara da kasuwa ta tsaya cak. Wanda bai gama da tukunya ba, ina zai tuna da firji? Kamfanonin ƙasashen waje kuwa suka yi ta kokawa a kan 'yan masu sayen da suka rage. Wannan ya ce sayi nawa in ba ka buta kyauta, wancan ya ce nawa ya fi sanyi. Wakilin kamfanin da ke ba Malam Iro kaya ya zo ya ce, "Malam, in wata ya ƙare ba ka sayar da ko firji ɗaya ba, kwashe kayanmu za mu yi." Kuma a shagon nan iyalinsa ke ci.

Wata na dab da ƙarewa sai ga wata baiwar Allah, Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta sayar da awakinta don ta sayi firji ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo. Ta dafa babban firjin da ke shagon ta ce, "Wannan nake so, Malam. An ce na waje ne."

Ko ragi ba ta nema ba. Amma shi Malam Iro yana da wata ɗabi'a, ba ya sakin kaya sai ya ji inda za a kai su.

Ya ce, "Baiwar Allah, yaya wutar unguwarku?"

Ta ce, "Ana kawowa. Sai dai ba ƙarfi, ƙwan fitila ma ja yake yi kamar garwashi."

Firjin ba shi da aibi, amma in bai samu wuta mai ƙarfi ba, gurnani zai yi ta yi har injin ya ƙone. Shaiɗan ya raɗa masa, ai ita ta zaɓa, kai ka sa ta? Kun san wannan raɗar, kada ku yi kamar ba ku taɓa jin ta ba.

Sai Malam Iro ya ce, "Wannan ba naki ba ne. Biyo ni." Ya tsallaka titi da ita zuwa shagon abokin hamayyarsa, ya nuna mata wani ƙarami na wani kamfani, mai jure raunin wuta.

Kada ku zaci nan take aka saka masa. Wata ya ƙare, aka zo aka kwashe kaya. Ya zauna a shago wayam, ya yi kuka, don shi ma mutum ne.

Amma ƙanƙarar Tabawa ta kama, bakinta kuma bai yi shiru ba. Duk mai shirin sayen kaya sai ta ce, "Je ki tambayi Malam Iro tukuna." Masu haɗa kayan ɗakin amarya suka fara zuwa, masu shayi suka biyo. Shago ba kaya, amma ba ya rabuwa da jama'a, kuma abin da ya nuna shi ake saya. Kamfanonin nan da ke farautar masu saye suka gane inda masu saye ke taruwa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya kwashe kayansa, kowa na roƙo a ajiye nasa. Ya ce, "Da sharaɗi. Kowane kaya zan faɗi gaskiyarsa." Suka yarda.

To jama'a, darasin a fili yake. Arziki na Allah ne, kuma ba a nemansa da cutar wanda ya amince da kai. Kai mai shago, kai mai gyaran waya, ke mai awon hatsi a gida, gobe wani zai tsaya gabanku bai san abin da kuka sani ba, kuma a ranar kuna cikin matsi. Ku faɗa masa gaskiya. Allah Ya ba mu ikon yi.