Rantsuwar da Sallau Mai Wankin Hula Ya Ƙi Yi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da in kana neman ofishin jakadancin wata ƙasa sai ka hau jirgin ƙasa ka gangara har bakin teku. Sunansa Sallau, sana'arsa wankin hula. Ku matso, jama'a, ku saurara. Kai ma mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙin can, farka, labarin nan har da kai ake.

Malam Sallau ba mai dukiya ba ne, ba kuma mai zurfin karatu ba. 'Yar rumfa ce gare shi a bakin kasuwa, hannunsa kullum a jiƙe da ruwan sitaci. Yana da ƙane guda, Tukur, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Tukur, bai tashi ba. Ya bar mata da goyo, ita ma kafin a yaye yarinyar ta bi mijinta. Sallau ya ɗauko jaririyar nan, Lubabatu, ya miƙa wa matarsa Tabawa, ya ce, "Ga 'yarki." Daga ranar ba a sake furta kalmar marainiya a gidan nan ba. Kun san halinmu da kara. Wane ne a cikinku zai iya buɗe baki ya ce ɗan ƙanensa ba nasa ba ne? Ai ko hararar yaron ba ka iya yi yadda kake hararar naka.

Da Lubabatu ta isa shiga makaranta, Sallau ya kama hannunta ya kai ta. Hedimasta ya ɗaga alƙalami ya ce, "Sunan uba?" Yarinya tana riƙe da gefen rigarsa, ta ɗago kai tana kallonsa. Sallau ya ji in ya ce Tukur a gabanta, kamar ya cire hannunta daga rigarsa ne. Sai ya ce, "Rubuta Sallau." Tausayi ne ya sa shi, ba mugunta ba, kuma rabin waɗanda ke zaune a nan abin da za ku yi ke nan. Amma ku riƙe wannan, a nan aka ƙulla ƙullin. Sunan nan ya bi ta daga aji zuwa aji, har akawun En'e ya kwafe shi a takardar shaidar haihuwarta.

Ita Lubabatu, da ta girma, ta ji ƙishin-ƙishin a bakin mata a gidan biki cewa ba Sallau ne ya haife ta ba. Ba ta tambaya ba. Shi ya yi mata kara, ita ma ta yi masa.

Allah Ya ba yarinyar nan ƙwaƙwalwa. Ta karanta aikin ungozoma, ta fito a gaban kowa. Sai wani babban asibiti a wata ƙasa ta tsallaken teku ya ba ta gurbin ƙarin karatu. Gurbi ɗaya ne tak. Sharaɗi kuwa shi ne takardunta su isa can da hatimin ofishin jakadancin ƙasarsu kafin ƙarshen damina, in ba haka ba a ba na bayanta.

Wanda bai taɓa bin hatimi ba bai san haƙuri ba. Takardar da kowa ya yarda da ita a garinku, in za ta tsallake iyaka sai ta zama baƙuwa, sai an yi mata shaida, an yi wa shaidar shaida. Ma'aikatar lafiya ta buga nata hatimin ta ce sa hannun shugabar makaranta na gaskiya ne. Ma'aikatar harkokin waje ta buga nata ta ce hatimin ma'aikatar lafiya na gaskiya ne. Sannan a kai wa jakada ya buga na ƙarshe. Sallau ya rufe rumfarsa ya bi 'yarsa ofis-ofis. A ce su dawo gobe, su dawo. A ce mai sa hannu ya tafi taro, su zauna a benci su jira shi. Tsohon nan bai taɓa cewa ya gaji ba. In Lubabatu ta fara ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, "Ke da za ki riƙa jiran haihuwa, tun yanzu kin kasa jiran akawu?"

A ƙarshe suka hau jirgin ƙasa suka isa birnin bakin teku. Suka bi layi a ƙofar ofishin jakadanci tun hantsi, rana ta dafa su, sai bayan azahar aka kira su ciki. Jami'in da ke duba takardu yana zaune a bayan tebur, ba ya jin Hausa. A gefensa akwai tafinta, Bahaushe ɗan'uwanmu, mai faran-faran. Jami'i ya duba takardar karatu, ya buga hatimi. Ya jawo ta haihuwa da ta amincewar uba, wadda sai da ita za a bar budurwa ta je karatu ƙasarsu. Ya ɗaga hatimi, sannan ya yi wata magana ko ɗago kai bai yi ba.

Tafinta ya ce, "Baba, ɗaga hannunka ka ce e, a buga muku ku tafi."

Sallau ya ce, "In ce e a kan me, ɗana?"

"Tambaya ce da ake yi wa kowa."

"To gaya mini ita yadda ya faɗa."

Tafinta ya ce, "Cewa ya yi ka rantse da Allah kai ne ka haifi yarinyar nan."

Jama'a, ku saurara. Ba mai shaida a ɗakin nan. Tukur ya daɗe a ƙasa. Takardu duka sun ce Sallau, manyan ma'aikatu sun buga hatimi sun ce Sallau. Harafi ɗaya ya rage tsakanin yarinyar nan da abin da ta yi shekaru tana wahala a kansa. Ga ta a gefensa, yana jin numfashinta. Sallau bai ɗaga hannu ba.

Tafinta ya gane akwai magana. Ya sunkuyo ya rage murya. "Baba, ko 'yar riƙo ce? Haba! Ai a wurinmu baffa uba ne. Wa bai san haka ba? Ka ce e. Shi wannan bai san kara ba, bai san zumunci ba, cike gurbi kawai yake."

Sallau ya ce, "Shi bai sani ba. Wanda za a rantse da sunanSa fa?"

Lubabatu ta kama gefen rigarsa. "Baba, don Allah. Baba, don girman Allah."

Wallahi na fi son in gaya muku cewa abin ya zo masa da sauƙi, amma bai zo ba. Hawaye ne suka zubo wa dattijon nan a gaban baƙon mutum. Ya ce wa tafinta, "Gaya masa ni na raine ta, ni na ci da ita, ni ne waliyyinta, a kan wannan zan rantse sau dubu. Amma ba ni na haife ta ba. Ƙanena Tukur ne ya haife ta, Allah Ya ji ƙansa."

Jami'i ya saurara, ya ajiye hatimin a hankali. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba zai iya shaida takardar da mai ita da bakinsa ya ce akwai kuskure a cikinta ba. Sai su koma gida a gyara sunan tun daga tushe, a kawo shaidar rasuwar mahaifi, a kawo ta riƙo daga wurin alƙali, a sake bin ma'aikatun nan ɗaya bayan ɗaya. Damina kuwa ta riga ta yi nisa, gero har ya fara fitar da kai.

Na ga wasunku suna murmushi. Jira kuke in ce jakada ya fito ya rungume shi, ya ce ga hatimi, ga kujerar jirgi kyauta saboda gaskiyarka. To ku daina murmushin. Ba a buga hatimin ba. Kafin gyara ya kammala an ba wata gurbin, kuma ba a sake kiran Lubabatu ba. Ba ta je ƙasar nan ba, har abada.

Suka hau jirgin dawowa. Ya sayo mata ƙosai a wata tasha, ta kau da kai. Da suka iso gida labari ya bazu, gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsoho ya yi wauta. Masu baƙin baki suka ce, "Da ma! Da 'yar cikinsa ce ai da ya rantse." Wannan maganar ita ta fi ci masa rai, don ya san ta shiga kunnen yarinyar. Tabawa ma ta ce masa, "Malam, harafi ɗaya fa. Da ka faɗa ka zo ka yi istigfari." Ya ce, "In yi wa Allah ƙarya da niyyar in dawo in ba Shi haƙuri? Tabawa, ban iya wannan cinikin ba."

Lubabatu ta ɗauki aiki a ƙaramin asibitin garin. Tana gaishe shi safe da yamma, amma gaisuwar ba ta wuce "ina kwana" da "ina wuni". Kalmar Baba ta ɓace daga bakinta. Shi kuwa bai yi ƙorafi ba, bai aika kowa ya ba ta baki ba. Ya ɗauki abin a matsayin hakkinta, don ya san da hannunsa ya ƙulla ƙullin tun farko.

Aka daɗe a haka. Ran nan da la'asar ta tashi daga aiki, maimakon ta wuce gida sai ta biyo ta rumfarsa. Ta same shi yana goge wata hula. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ba karatun ne ya fi yi mini ciwo ba. A gaban baƙo ka ce ba kai ka haife ni ba. To gaya mini, ni mece ce a wurinka?"

Sallau ya ajiye hular. Ya ce, "Zauna, Luba." Ta durƙusa. Ya ce, "Kin ga bakin nan? A gabanki ya ƙi yin ƙarya, alhali ƙaryar ce za ta faranta miki. Kin san yanzu ba ya faɗin abu don ki ji daɗi. To shi ne yake gaya miki, ban haife ki ba, amma ba ni da 'yar da ta fi ki. Na cuce ki ranar da na ɓoye sunan ubanki, ki yafe mini wannan. Na ofishin can kuwa ba zan nemi yafiyarsa ba."

Yarinyar nan ta kifa kai a gwiwarsa a bakin kasuwa, tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ba abin da take maimaitawa sai "Baba, Baba."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma gwaninta ne. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da gaskiyarka za ta taɓa wanda ka fi so, ranar da ɗanka zai dube ka ya ce don Allah. A cikinku akwai wanda ya rage wa ɗansa shekaru don a ɗauke shi aiki. Akwai wanda ya ɗaga hannu a kotu ya rantse a kan ranar haihuwar da shi da akawu suka ƙirƙira a bakin ƙofa. Kuna cewa ai takarda ce kawai, ai kowa na yi. Takarda ce, amma sunan Wa kuka kira a kanta? Masu riƙon marayu kuma, Allah Ya saka muku, ku riƙe su da hannu biyu, amma ku bar musu sunan ubansu tun ranar farko, kada tausayin yau ya zame musu kuka gobe.

Kuma ku sani, yaron da ka yi wa Allah ƙarya dominsa yana tsaye yana kallonka. Zai ci amfanin ƙaryar, zai yi maka godiya. Amma ranar da ka ce masa "Allah Ya yi maka albarka", da wane baki zai ji ka faɗa?

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya ji ƙan iyayenmu, waɗanda suka haife mu da waɗanda suka raine mu. Ku tashi, lokacin salla ya yi.